Yadda zaka gane taki da laka na kashe rafin garinku, da yadda za a tare su

Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai wani rafi a bayan garinmu da muka taso muna wanka a ciki muna kama ƴan karfasa da fatsa, lokacin idan kaka ta yi ruwa ya kwanta har yashin ƙasa kana hangowa. Bara farkon damina na bi ta wajen bayan sallar asuba sai na tarar da kifi birjik a gefe ciki sama, wasu sun mutu wasu na ta buɗe baki a saman ruwa. Kafin hantsi magana ta bazu, wannan yace guba aka zuba, wancan yace masuntan wani gari ne suka yi mana mugunta, saura kaɗan a yi rigima. Alhali ba wanda ya zuba komai da gangan, takinmu ne da ƙasar gonakinmu da ƙazantar kwatocinmu ruwan farko ya kwaso ya juye a ciki. Ruwa ba ya tsami banza. Abin ya tsaya min a rai sosai, shi yasa na zauna na rubuto yadda mutum zai duba rafinsu da kansa ba sai ya jira wasu sun zo daga birni da na'ura ba.

Kafin mu shiga matakan bari mu fahimci abokan gaban nan biyu, don in baka san yadda suke ɓarna ba ko ka gani da idonka ba zaka gane ba.

Na farko taki. In nace taki ba yuriya da NPK kawai nake nufi ba, har kashin shanu da na kaji, bayan gida, jini da tumbin kwata, ruwan wanki mai omo, duk suna ɗauke da sinadaran naitirojin da fosfaras waɗanda su ne abincin tsiro. Yadda suke sa masara ta yi kore shar a gona haka suke sa gansakuka da kainuwa su yi yabanya a ruwa. Gansakukar nan da rana tana fitar da iskar oksijin, da dare kuma sai ta koma tana shaƙa, sannan in ta mutu ta nutse ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da ita su ma oksijin ɗin suke ci. To ka haɗa da zafin ƙasarmu, ruwa mai zafin digiri 30 oksijin ɗin da zai iya riƙewa bai wuce miligiram 7 da rabi a lita ba, alhali mai digiri 20 yana riƙe kusan 9. Yawancin kifi in ya sauka ƙasa da 5 sun fara wahala, in ya kai wajen 2 sai mutuwa. Wato shaƙewa suke yi a cikin ruwan, kamar a kulle mutum a ɗaki ba taga.

Na biyu laka da yashi. Wannan kuma ƙasar gona ce da ta gaɓar rafi da zaizaya ke kwasowa. In ruwa ya yi jajir haske ba ya ratsawa, ciyayin ƙasan ruwa su mutu, lakar ta toshe wa kifi wurin numfashi, in ta kwanta kuma ta binne ƙwan kifi da ƴan ramukan da ƙwarin ruwa ke ɓuya, gurbi mai zurfi da kifi ke fakewa da rani ya cike ya zama fili. Kuma ga wani abu da mutane da yawa basu sani ba, fosfaras manne wa ƙwayar laka yake yi, don haka duk inda laka ta je da guzurin takinta take tafiya. Su biyun tare suke aiki.

Mataki na 1: haɗa kaya

Ba wani abu mai tsada. Robar ruwa ta lita ɗaya da rabi mai haske guda uku ko huɗu, farar roba ko farin faranti mai zurfi, rariya ko tsohon gidan sauro da ka ɗaura a waya, rula, maka baƙa, littafi da biro, sai wayarka ta ɗaukar hoto. Amma takalmin roba dogo da safar hannu dole ne, don Allah kada ka shiga da ƙafa tsirara, ruwan da ciyayi suka yi wa yawa shine gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya, kuma kar ka tura yara su yi maka.

Mataki na 2: zaɓi wurare uku

Ɗaya can sama kafin rafin ya iso gonaki ko gari, ɗaya a tsakiya daidai inda kwata ko magudanar ruwan gona ke zubowa, ɗaya a ƙasa bayan ya wuce. Ka sa alama da bishiya ko kwalbati yadda duk zuwa nan zaka tsaya. Dalili kuwa shine gwaji ɗaya shi kaɗai ba ya faɗin komai, kwatance ne ke magana. In na sama garau ne na ƙasa ya ɓaci to ɓarnar tsakaninsu take, ka rage wa kanka nema.

Mataki na 3: ido da hanci

Tsaya ka kalla kafin ka taɓa komai. Launin ruwan ja ne ko kore ko baƙi-baƙi? Ja laka ce, kore gansakuka, baƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma alamar ƙasan ruwan ba oksijin ko kaɗan. Soka sanda a ƙasa ka zaro, in ta fito da baƙin taɓo mai wari rubuta. Duba gaɓa, akwai ciyawa da saiwoyi ko ta zama gangare tsirara tana rubzawa? An yi noma har bakin ruwa? Kainuwa ta rufe kashi nawa na saman ruwan, kwata ko rabi ko duka? Muna cewa kainuwa dashen Allah, gaskiya ne, amma in ka ga ta shimfiɗe rafi kamar darduma akwai mai ciyar da ita.

Akwai wata irin gansakuka da nake so a kiyaye sosai, wadda take kama da an zubar da koren fenti a saman ruwa, in ka sa sanda ba ta naɗowa kamar zare sai dai ta watse. Irin wannan tana iya fitar da dafi mai taɓa hanta, tana kashe dabbobi in sun sha, kuma tafasawa ba ta kashe dafin. A watan Agustan 2014 a birnin Toledo na Amurka an hana mutum sama da dubu 400 shan ruwan famfo kusan kwana 3 saboda ita, bayan takin gonaki ya ciyar da ita a tafkin Erie inda suke jan ruwa. In ka ga irinta a mashaya ka gaya wa makiyaya nan take su canza wuri.

Mataki na 4: auna laka

Yanke kan robar nan ɗaya, ka zana gicciye baƙi mai kauri a farar takarda ka ɗora robar a kai. Ɗebo ruwa daga tsakiyar rafi ba tare da ka tada taɓon ƙasa ba, ka tsaya a inuwa, kana zubawa kaɗan-kaɗan kana leƙawa ta sama har sai alamar ta ɓace maka. Auna tsayin ruwan da rula ka rubuta. In robar ta cika kana ganin alamar to da sauƙi, in tun a santimita 5 ta ɓace to laka ta yi yawa ƙwarai. Sai ka cika wata robar ka rufe ka ajiye kwana ɗaya cur kar a motsa, washegari ka auna kaurin abin da ya kwanta. Yashi ne ke fara sauka cikin minti kaɗan, laka mai laushi ta biyo baya, yumɓu kuma yana iya kwana da kwanaki yana yawo. In ruwan ya ƙi washewa kuma kore ne to ba laka bace gansakuka ce.

Anan sai an yi adalci. Rafukanmu na arewa dama da damina jan ruwa suke kawowa tun kaka da kakanni, don haka ganin ja ranar da aka yi ruwan sama ba abin tada hankali bane. Abin lura shine kwana nawa yake ɗauka kafin ya washe, da kuma bambancin wurin sama da na ƙasa a rana guda. Shi yasa zaka maimaita, sau ɗaya da bazara, sau ɗaya washegarin ruwan farko, sau biyu cikin marka, sau ɗaya da kaka.

Mataki na 5: je da asuba

Wannan shi na fi ba muhimmanci kuma ba ya cin ko sisi. Oksijin ya fi ƙaranci dab da fitowar rana domin gansakuka ta kwana tana sha. In ka je da la'asar zaka ga komai lafiya lau ka koma gida da kuskuren fahimta. Ka je bayan an idar da sallah, in ka ga karfasa sun taru a sama suna haɗiyar iska ko sun cunkushe inda ruwa ke zubowa, to rafin na cikin wahala. Kada tarwaɗa ta ruɗe ka, ita da gaiwa suna iya shaƙar iskar sama kai tsaye, shi yasa suke rayuwa a ruwan da ya kashe saura. Hasali ma in masunci yace maka yanzu tarwaɗa kawai yake kamawa, giwan ruwa da sauran sun yi ɓatan dabo, wannan kansa sakamakon gwaji ne. Zauna da sarkin ruwa da dattawan masunta su lissafo maka kifayen da ake kamawa shekara 20 da suka wuce da na yanzu, ka rubuta sunayen yadda suka faɗa. Wallahi abin da ke kansu ya fi na'ura, don ita na'ura halin yau kawai take gaya maka.

Mataki na 6: ƙwarin ƙarƙashin dutse

Zuba ruwan rafin kaɗan a farar robarka. Ɗago duwatsu biyar zuwa goma ka wanke su a ciki a hankali, in rafinku na yashi ne ba dutse sai ka yi amfani da guntun ice da ya daɗe a ruwa, ruɓaɓɓen ganye, ko ka kaɗa rariya cikin saiwoyin ciyawar gefe. Bari ruwan ya natsu minti biyu zaka ga abubuwa sun fara motsi. Ƴan ƙwari masu siraran jela uku a baya da wasu ƴan fuka-fukai a gefen ciki suna kaɗawa, da wata tsutsa mai gina wa kanta ɗan gida da ƙwayoyin yashi ko tsinke tana jansa, waɗannan basa jure ƙazanta, ganinsu albishir ne. Ƴaƴan mazari da jatan lande da ƙaguwa suna tsaka-tsaki. In kuwa abin da ka samu jajayen tsutsotsi ne jingim cikin taɓo, da matsattsaku, da tsutsar sauro, da wata farar tsutsa mai dogon wutsiya kamar na ɓera, to ruwan ya sha kashi. Ba yawan ƙwarin ake dubawa ba, iri nawa ne. Iri takwas kaɗan-kaɗan ya fi iri ɗaya dubu. Dalilin da yasa masana ke son wannan gwaji shine ƙwarin nan basa iya gudu, wata da watanni suna wuri ɗaya, don haka ko da dare aka saki ƙazanta ta wuce kafin safiya su zasu nuna. A Afirka ta Kudu har ƴan makaranta ake koya wa wannan da wani tsari mai suna miniSASS. In ka gama ka ɗauki hoto ka mayar da su ruwa.

Mataki na 7: bi sawu

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da zarar ya tsagaita kuma rafin ba cika yake ba, bi gaɓa da ƙafa daga wurin ƙasa zuwa na sama kana rubuta duk inda jan ruwa ko baƙin ruwa ke shigowa. Kwazazzabo, hanyar tifofin yashi, bola, mahauta, wurin wankin babura, gonar da aka yi wa kunya ta miƙe zuwa rafi. Galibi zaka tarar wuri biyu ko uku ne ke kawo mafi yawan ɓarnar, da su za a fara.

Yanzu gyara. Mu fara da gona don nan kuɗin yake.

Buhun yuriya mai kilo 50 naitirojin ɗin cikinsa kilo 23 ne, kuma in watsa shi aka yi a sama sau da yawa abin da shuka ke ci bai kai rabi ba, saura ya bi iska ya bi ruwa. Da tsadar takin nan ta yanzu ka ga manomi ya ci bashi ya saya sannan ya ciyar da gansakuka da shi, abin akwai ciwo. Don haka kar a watsa, a tona ɗan rami kamar tsawon ɗan yatsa daga gindin shuka a zuba a rufe. Kar a zuba in hadari ya haɗo, a bari ruwa ya sauka ƙasa na da danshi. A raba shi kashi biyu ko uku maimakon a juye lokaci guda, masara NPK a makonni biyun farko, yuriya kuma wajen sati 4 zuwa 6. Masu gero da dawa su yi koyi da ƴan uwanmu na Nijar da ke sa cikin marfin kwalba ɗaya na NPK, wajen giram 6, a kowane rami, taki kaɗan amma duk a bakin saiwa. Masu shinkafa a fadama ko wajen Kadawa da Kura, rage ruwan gonar kafin ka zuba, ka toshe mafita na ƴan kwanaki, don in ka zuba ruwa na wucewa maƙwabcinka na ƙasa da rafi ka yi wa hidima. Akwai kuma dunƙulen yuriya da ake cusawa cikin taɓo santimita 7 zuwa 10 tsakanin gindi huɗu kamar mako guda bayan dashe, tambayi malamin gona ko ana samu a wajenku. Takin gargajiya ma kar a jibge shi a bakin rafi ana jiran damina, ruwan farko zai tafi da albarkarsa.

Ita kuma ƙasa, kunya ta gitta gangare kar ta bi shi. In kana son sanin layin da ya daidaita, cika siririn tiyo mai haske da ruwa, mutum biyu su riƙe bakinsa a jikin sanduna masu tsayi ɗaya, duk inda ruwan ya tsaya a alama guda a sandunan biyu to wuraren daidai suke, sai a kafa turke a ci gaba. A kan layin a jera duwatsu kamar yadda ake yi a yankin Tawa na Nijar da arewacin Burkina Faso, ko a dasa jema ko gamba. Jema na fi so don saiwarta ƙasa take nutsawa ba ta yaɗuwa ta cinye gona, a dasa kusa-kusa tazarar santimita 10 zuwa 15, cikin damina biyu ta haɗe ta zama shinge mai tace laka, kuma ga abin saƙa. Kar a share karan gona tas a ƙone, a bar wani a ƙasa ya tare bugun ruwan farko. Santimita ɗaya na ƙasar sama ɗaruruwan shekaru take ɗauka kafin ta samu, ruwan dare ɗaya na iya tafiya da ita.

Gaɓar rafi kuma a bar mata ko da taku goma ne ba noma, in an samu fiye ya fi. Na san nan ne gardama take, don nan ƙasar ta fi kyau kuma mai ƴar karamar gona zai ce me zan ci. Maganarsa gaskiya ce, bai kamata a yi masa tsawa ba. Abin da zai karɓu shine wurin ya zama mai kawo kuɗi, ciyawar yanka ta dabbobi, mangwaro, gwaiba, zogale, sannan a nuna masa taku nawa gaɓar ta riga ta ci daga gonarsa a shekara biyar. Dabbobi a zauna da arɗo a ware mashaya ɗaya ko biyu a zuba mata tsakuwa, maimakon garke ya tattake gaɓa ko'ina. Masu yashi su daina haƙa a gindin gaɓa da kusa da gada.

A gari, masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rafi ko rijiya. Mahauta su haƙa rami don jini da tumbi, in ya ruɓe taki ne mai kyau da masu lambu zasu saya. Iyayenmu mata masu wanki a rafi su ɗebi ruwa su matsa nesa da gaɓa, ruwan omo ya tsume cikin ƙasa. Duk wanda ya san Jakara a Kano, da yadda take kwasar kwatocin birni ta haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai su zube a dam ɗin Wasai, ya san inda sakaci ke kai rafi.

Maganar kachalla kuwa, wato doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, mutanen Haɗeja da Guri da Nguru sun fi kowa sani. Asalin matsalar can canjin tafiyar ruwa ne bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa ya janye ya koma yana nan rani da damina, kachalla ta samu wurin zama. Amma laka da taki su suka ƙara mata ƙarfi, laka ta cike hanya ruwa ya yi ƙasa-ƙasa yadda take so, ita kuma ta ƙara tare wata lakar, hanyoyin ruwa suka toshe, wani gari ambaliya wani gari ba ruwa, ga tsuntsayen jan baki na kwana a ciki suna cinye shinkafa. In ta fara leƙowa a rafinku kar a jira. A yi gayya a yanke ta a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse ya kasa numfashi, a maimaita sau biyu ko uku in ta sake tohowa, kuma a kwashe abin da aka yanka a fitar waje a yi takin da shi, in aka bar shi ya ruɓe a ciki an koma gidan jiya. Haka kainuwa. A arewacin Senegal an gwada cire ciyayin ruwa a wuraren da mutane ke ɗiba da wanka, katantanwa ta ragu, cutar tsargiya a jikin yara ƴan makaranta ta ragu, ciyayin kuma aka mai da su taki da abincin dabbobi.

Kafin gyaran ya kama, a kula da ruwan sha. Ruwa mai laka ko an sa masa kulorin ba ya aiki sosai don ƙwayoyin cuta na ɓuya a jikin lakar, sai an fara kwantar da shi da alam ko dakakken ƙwayar zogale, a tace, sannan a tafasa ko a sa maganin. Amma sinadarin naitiret da ke zuwa daga taki da masai ba a ganinsa ba ya wari, kuma tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi don ruwa ne ke ƙonewa shi yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a lita, kuma jarirai ƴan ƙasa da wata 6 ya fi yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar oksijin har leɓe ya sauya launi. Rijiyar da ke tsakiyar gonakin rani ko kusa da masai kar a haɗa wa jariri madara da ruwanta sai an gwada, akwai ƴan takardun gwaji da ake tsomawa su canza launi, ko a kai samfuri ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko jami'a mafi kusa.

In littafinka ya cika shekara, ɗauki hotunan da robobin nan uku na sama da tsakiya da ƙasa ka kai wa mai unguwa ko dagaci, a kira sarkin noma da sarkin ruwa da arɗo da shugabar mata, ka jera robobin a gabansu kowa ya gani da idonsa. Ka yi wannan zama tun cikin Maris ko Afrilu, don a samu lokacin tara duwatsu da nemo saiwar jema kafin ruwan shuka ya sauka.